Darasi: Tan Nawa Ake Buƙata Kafin Fallen Ƙarfe Ya Lanƙwashe?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, ƙarar guduma ce za ta fara tarbarsa tun kafin ya hangi masu bugun. A irin waɗannan wurare ne shimfiɗaɗɗen fallen ƙarfe ke rikiɗa ya zama ƙofa, taga, akwati, murhun gawayi, baro, kanta da indararo. A cikin kayan nan kaf babu wanda ake kammalawa ba tare da an lanƙwasa ƙarfe ba. Gogaggen maƙeri da hannu yake gane falle. Ya ɗaga shi, ya girgiza, ya saurari amonsa, sai ya san irin bugun da zai sha. Wannan ilimi ne na gaske, kuma shekaru ake yi ana tara shi.

To amma da zarar aiki ya bar hannu ya koma kan inji, ko a kan jak da aka ɗaura wa firam, magana ta zama ta lamba. A jikin injin an rubuta tan 20, ko 40, ko 100, kuma iyakarsa ke nan. Idan aikin ya fi ƙarfinsa, ko dai falle ya ƙi lanƙwasuwa, ko firam ya karkace, ko roba ta fashe mai ya tsiyaye, ko kuma bakin injin ya tsage ɓarɓashi ya yi tsalle. Lissafin da zai hana wannan asara bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma wayar hannu ma tana iya yin sa.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bambanta lotsawa da lanƙwasa;
2. lissafa ƙarfin da inji ke buƙata don lanƙwasa falle;
3. lissafa yadda falle zai lotsa idan aka ɗora masa kaya;
4. bayyana dalilin da ya sa kauri ya fi komai tasiri a lissafin.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen

Idan aka tanƙwara falle, fuskarsa ta waje miƙewa take yi, ta ciki kuma ta matse. A tsakiyar kaurin akwai layin da ba ya miƙewa kuma ba ya matsewa. Saboda haka naman ƙarfen da ke kusa da fuskokin biyu shi ne ke shan wahala, na tsakiya kuwa kusan yana hutawa.

Tanƙwarar tana da mataki biyu. A mataki na farko, idan aka danna falle kaɗan aka saki, zai koma yadda yake. Wannan ita ce lotsawa. Masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idarta a shekarar 1678: a wannan mataki, idan aka ninka nauyi, lotsawar ma ninkuwa take yi daidai wa daida. A mataki na biyu, dannar ta wuce wata iyaka, ƙarfen ya sallama, ya tsaya a sabuwar siffa. Wannan ita ce lanƙwasa. Mai ƙera kanta yana so fallensa ya zauna a mataki na farko har abada. Mai ƙera firam ɗin ƙofa kuwa da gangan yake tura nasa zuwa na biyu. Tambayoyinsu daban ne, lissafinsu ma daban.

Ma'aunai uku

Ana auna tsawo, faɗi da kauri da milimita. Ana auna ƙarfin danna da niyuton, wanda aka sa wa sunan Isaac Newton. Nauyin kilo 1 ya kai niyuton 9.81, don haka buhun siminti mai kilo 50 yana danna ƙasa da kimanin niyuton 490, tan 1 kuma niyuton 9,810 ne. Wanda ya samu amsarsa da niyuton, sai ya raba da 9,810 ya samu tan.

Ma'auni na uku shi ne juriyar ja, wato iyakar jan da ƙarfe zai ɗauka kafin ya tsinke. Ana auna ta da megafaskal, kuma megafaskal 1 na nufin niyuton 1 a kan kowace murabba'in milimita. Kowane irin ƙarfe da tasa juriyar. Ga lambobin da za a yi aiki da su a nan:

- baƙin ƙarfe na yau da kullum, irin na ƙofofi: 450
- ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304: kimanin 620
- alminiyam mai ɗan tauri, mai lamba 5052: kimanin 230
- alminiyam mai laushi: kimanin 110

Waɗannan lambobi matsakaita ne. Idan falle ya zo da takardar masana'anta, lambar da ke jikin takardar ita ce abin bi.

Lissafin lanƙwasa

Injin lanƙwasa yana da sassa biyu masu taɓa aiki. A ƙasa akwai kwarmi mai siffar harafin V, a sama kuma akwai harshe mai saukowa. Falle yana kwanciya a kan kafaɗun kwarmin biyu, harshe ya danna tsakiyarsa zuwa ciki. A hanyar da aka fi amfani da ita, ba a barin falle ya taɓa gindin kwarmi, ana tsayar da harshe da zarar kusurwar da ake so ta samu. Lissafin wannan hanya shi ne:

Ƙarfi = 1.33 × juriya × tsawon lanƙwasa × kauri × kauri ÷ faɗin bakin kwarmi

Lambar 1.33 ta dace da kwarmin da faɗin bakinsa ya ninka kaurin falle sau 8, kuma wannan ita ce ƙa'idar da masu sana'ar suka fi bi wajen zaɓen kwarmi. Falle mai milimita 2 yana son kwarmi mai 16, mai milimita 3 yana son mai 24. Wasu masana'antun injuna suna sa 1.42 a jadawalinsu a maimakon 1.33, don haka amsarsu takan ɗan ɗara wadda za a samu a nan.

Misali na farko. Ana so a lanƙwasa baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2, tsawon layin lanƙwasar milimita 1,000, a kan kwarmi mai faɗin 16.

1.33 × 450 = 598.5
598.5 × 1,000 = 598,500
kauri sau kauri: 2 × 2 = 4
598,500 × 4 = 2,394,000
2,394,000 ÷ 16 = niyuton 149,625
149,625 ÷ 9,810 = tan 15.3

Fallen da yaro zai iya ɗauka da hannu biyu, sai an danna shi da nauyin da ya kai na buhunan siminti 305 kafin mita ɗaya ta lanƙwashe a bugu guda. Wannan ne ya sa mai guduma ke bin layi kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Yana rarraba tan 15 ɗin ne zuwa ɗaruruwan ƙananan bugu, kuma dalilin da ya sa layinsa ba ya fita sumul kamar na inji ke nan.

Kauri ne ke mulki

A duba lissafin da kyau. Juriya sau ɗaya ta fito, tsawo sau ɗaya, amma kauri sau biyu. Idan aka ninka tsawo, ƙarfin da ake buƙata ya ninka. Idan aka ninka kauri, ƙarfin ya ninka sau 4.

A gwada da falle mai milimita 4 a kan kwarmin nan mai faɗin 16. Kauri sau kauri ya zama 16, amsa ta zama niyuton 598,500, wato tan 61. Daga tan 15 an haura 61, alhali a ido milimita 2 kacal aka ƙara. Yanzu a sauya kwarmi zuwa mai faɗin 32, kamar yadda ƙa'idar ninki 8 ta ce. Amsa ta sauko zuwa tan 30.5. Faɗaɗa kwarmi ita ce hanya mafi sauƙi ta rage wa inji wahala, sai dai tana da nata farashin. Kusurwar za ta fito da zagaye mai faɗi, domin a baƙin ƙarfe zagayen cikin lanƙwasa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin shida na faɗin kwarmi. Sannan leɓen da za a lanƙwasa dole ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 na faɗin kwarmin, in ba haka ba zai zame ya faɗa ciki.

Wannan hukunci na kauri sau kauri tsoho ne. Galileo, masanin Italiya, shi ya fara rubuta shi a littafinsa da aka buga a birnin Leiden na Holan a 1638, inda ya zana katako da aka kafa a bango aka rataya masa dutse. Ya gano cewa ƙarfin katako yana bin faɗinsa sau ɗaya, kaurinsa sau biyu. Adadin da lissafinsa ya bayar ya ninka na gaskiya sau 3, saboda ya ɗauka naman katakon duka yana shan ja iri ɗaya, kuma gyaran ya ɗauki masana dogon lokaci har injiniyan Faransa Navier ya daidaita lissafin a 1826. Amma batun kauri sau kauri bai taɓa sauyawa ba.

Darasin da ke nan ga mai sayen falle a Ƙofar Ruwa ta Kano ko wata kasuwa shi ne ya auna kauri da kansa. A tsarin geji, lamba tana hawa ne kauri yana sauka: geji 18 na baƙin ƙarfe kusan milimita 1.2 ne, geji 16 kusan 1.5, geji 14 kusan 1.9. Tazarar 1.2 da 1.5 ba ta ko kai kaurin farce ba, amma 1.2 × 1.2 ya ba da 1.44, shi kuwa 1.5 × 1.5 ya ba da 2.25. Ƙarin kashi 56 cikin 100 ke nan a kan inji idan kwarmin bai sauya ba.

Shin jak mai tan 20 zai iya?

Masu walda da yawa kan haɗa nasu abin lanƙwasa da jak ɗin babbar mota. Dabarar mai kyau ce, kuma asalinta ɗaya ne da na manyan injuna: matse mai a ƙaramin bututu don ya tura babban fistin, hanyar da Joseph Bramah ya yi wa rajista a Landan a 1795. Abin tambaya kawai shi ne iyakar jak ɗin.

Misali na biyu. A ce an kawo wa mai walda cikakken falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato milimita 1,220 da 2,440, kaurinsa 1.5. Ana so ya lanƙwasa dogon gefen don ƙyauren ƙofa. Kwarmin da ya dace mai faɗin 12 ne.

598.5 × 2,440 = 1,460,340
1.5 × 1.5 = 2.25
1,460,340 × 2.25 = 3,285,765
3,285,765 ÷ 12 = niyuton 273,814
273,814 ÷ 9,810 = tan 27.9

Jak mai tan 20 ba zai iya ba. Kuma ko mai tan 28 aka samu, bai kamata a dogara da shi ba, domin ba a tura inji har ƙarshen ƙarfinsa. Falle ɗaya yakan ɗara wani tauri ko kauri ko da tare aka sayo su. Shi ya sa ake ƙara kashi 20 cikin 100 a kan amsa, abin da ya kai wannan aiki tan 33.5.

Lissafin yana kuma gaya wa mai jak ɗin abin da zai iya. Wannan falle yana cin tan 11.4 a kowace mita. Idan ya tsaya a tan 16, wato kashi 80 cikin 100 na ƙarfin jak ɗinsa, zai lanƙwasa tsawon mita 1.4 hankali kwance, muddin firam ɗin da harshen suna da ƙwarin da za su rarraba dannar a tsawon layin. Gajeren gefen fallen, mai milimita 1,220, yana cikin ikonsa. Dogon gefen sai ya kai wa mai babban inji.

Lissafin lotsawa

Yanzu a juya ga mai ƙera kanta. Fallensa yana kan matokara biyu, kaya kuma a tsakiya. Lissafinsa shi ne:

Lotsawa = nauyi × tazara × tazara × tazara ÷ (4 × lambar tauri × faɗi × kauri × kauri × kauri)

Tazara ita ce nisan da ke tsakanin matokaran biyu. Lambar tauri ta baƙin ƙarfe kusan 200,000 ce, ta alminiyam kusan 70,000. Abin lura a nan shi ne baƙin ƙarfe mai arha da mai tsada kusan lamba ɗaya suke da ita, don haka sayen ƙarfe mai juriya sosai ba ya rage lotsawa.

Misali na uku. Kanta ce mai faɗin milimita 300, kauri 2, tazara 600. An ɗora mata kilo 10 a tsakiya, kusan niyuton 100.

600 × 600 × 600 = 216,000,000
216,000,000 × 100 = 21,600,000,000
4 × 200,000 × 300 × 8 = 1,920,000,000
21,600,000,000 ÷ 1,920,000,000 = milimita 11.25

Kilo 10 kacal ya lotsa kantar fiye da santimita 1. Idan aka sauke kayan za ta miƙe. Amma tana da iyaka, kuma ga yadda ake gano ta: 2 × iyakar komawa × faɗi × kauri × kauri ÷ (3 × tazara). Iyakar komawa ita ce iyakar dannar da ƙarfe zai sha ya koma yadda yake, kuma ta baƙin ƙarfe kusan megafaskal 250 ce. Amsa ita ce niyuton 333, kusan kilo 34. Daga nan ne kantar za ta fara riƙe lanƙwasa ko an sauke kaya.

A wannan lissafi kauri sau uku ya fito, tazara ma sau uku. Falle mai milimita 3 zai lotsa 3.3 a maimakon 11.25. Idan kuma aka bar kauri a 2 aka ƙara matokari har tazara ta koma 300, lotsawar wannan nauyi za ta sauko zuwa 1.4. Da a ce da alminiyam aka yi kantar, da lotsawar ta kusa ninka ta baƙin ƙarfe sau 3. Wannan lissafi yana ba da amsa mai kyau ne idan lotsawar ƙarama ce in an kwatanta da tazara, kuma gefunan fallen suna kwance ne a kan matokara ba a walde suke ba.

Siffa ta fi ƙarin kauri arha

Akwai hanya ta uku da ba ta buƙatar sayen falle mai kauri. A lanƙwasa leɓe mai milimita 20 zuwa ƙasa a dogayen gefunan kantar biyu, waɗanda suka miƙa daga matokari zuwa matokari. Taurin kantar zai ƙaru fiye da ninki 40, lotsawar ta sauko daga milimita 11 zuwa abin da bai kai rabin milimita ba. Dalilin yana cikin abin da aka faɗa tun farko: naman ƙarfen da ya yi nesa da layin tsakiya shi ne ke ɗaukar kaya, leɓen kuwa ya kai ƙarfe nesa da wannan layi.

Kwanon rufi a kan wannan hikima yake tsaye. Injiniya Henry Robinson Palmer ya yi wa kwano mai tudu da kwari rajista a 1829, lokacin da yake aiki da kamfanin tashar jiragen ruwa ta Landan. Kwanon da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, da a shimfiɗe yake, da nauyin kansa ma ya ishe shi lotsawa. Tudu da kwarin ne suka ba shi ikon ƙetare tazarar katakan rufi. Layukan da ake bugawa a jikin ƙyauren ƙofa da murfin akwati ma ba ado kaɗai ba ne, aikinsu ke nan.

Abubuwan kiyayewa a wurin aiki

Na farko, ƙarfe yana ɗan buɗewa bayan an ɗaga harshe, domin wani sashe na namansa bai wuce mataki na farko ba. Baƙin ƙarfe siriri yakan buɗe da digiri 1 zuwa 3, mara tsatsa ya fi haka. Mai son kusurwar digiri 90 sai ya ɗan zarce ta, kuma ya fara gwadawa da guntu.

Na biyu, lissafin wannan darasi na lanƙwasar da falle bai taɓa gindin kwarmi ba ne. Idan aka ci gaba da danna shi har ya manne da gindin, ƙarfin da ake buƙata yana ninkuwa sau da yawa, kuma a nan ne injuna da dama ke lalacewa.

Na uku, ƙarfin da aka rubuta a jikin inji na dukan tsawonsa ne. Tara shi a kan guntun ƙarfe gajere mai kauri yana iya fasa harshe ko kwarmi, ko da jimillar tan ɗin ba ta kai iyaka ba.

Na huɗu, falle yana da jijiya da ke bin hanyar da aka murza shi a masana'anta. Lanƙwasar da ta gitta jijiyar ta fi wadda ta bi ta aminci, musamman a alminiyam mai tauri, wanda kan tsage ta baya idan kusurwa ta yi kaifi.

Na biyar, kuma mafi girma, shi ne hannu. Tan 15 da ke lanƙwasa ƙarfe ba za ta tsaya don yatsa ba. Ba a sa hannu tsakanin harshe da kwarmi, ba a tsayawa a inda fallen zai ɗago yayin da yake lanƙwasuwa, kuma mutum ɗaya ne ke ba da umarnin danna idan biyu ne ke riƙe da aiki. Wannan nauyi yana wuyan maigida, domin yaran shago abin da suka ga yana yi shi suke koyi.

Aikin yi

1. Lissafa tan ɗin da ake buƙata don lanƙwasa baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, tsawo 1,500, a kwarmi mai faɗin 24.
2. Maimaita misali na farko da alminiyam mai juriyar 230.
3. A misali na uku, nawa kantar za ta lotsa idan tazara ta zama milimita 400?
4. Bayyana da bakinka dalilin da ya sa leɓe ke hana kanta lotsawa.

Amsoshi: ta 1, tan 34.3, ta 2, tan 7.8, ta 3, milimita 3.3.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya ziyarci shagon walda mafi kusa da shi, ya nemi izinin maigidan, ya auna kaurin falle iri uku da ake aiki da su a wurin, ya kuma rubuta tan ɗin da ke jikin inji ko jak ɗin shagon. Da waɗannan lambobi za a lissafa iyakar tsawon da wannan shago zai iya lanƙwasawa a kowane kauri, sannan ɗalibin ya rubuta sakamakon a takarda ya kai wa maigidan ya manna kusa da injinsa.